Kambin Kwali

A Agege, bayan layin dogo, shagona yake:
keken ɗinki biyu, da fanka ɗaya mai tari.
Tun shigowar Disamba barci ya yi mini yaji.
Ankon matan zumunta, yadi arba'in,
kowacce na son nata ya riga fita.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Ina fama da igiyar janareta sai ga Rahila
da kwalin taliya, da almakashina a hannu.
"Baba, yanko mini kambi uku.
Mu ne sarakuna ukun nan a wasan coci,
ni da Filibus da ɗan gidan Ayuba.
Nehemiya ya yi ta kuka, an ce gurbi ya cika."

Na yanka ɗaya, na yanka biyu.
Ina kan na uku ta ce,
"Nuna mini sunayensu a Littafi, in haddace."

Na ce ɗauko na kakarki,
wanda ta taho da shi daga Malumfashi a ƙullin zane,
bangonsa ya tafi, ni na ɗinke bayan da baƙin zare.
Muka shimfiɗa shi kan teburin guga.

Na bi da yatsa. Na lashi yatsa na sake bi.
Babu sunaye.
Ba a ma kira su sarakuna ba,
masana taurari ne da suka sha hanya.
Ukun da nake riƙe da shi tun ina yaro
kyautai aka lissafa, mutanen ba wanda ya ƙirga.
Na nemi ashirin da biyar ga wata har ido ya yi yaji,
ban same ta ba.

Shekara arba'in da shida,
ashe nonon da nake sha da ruwa a ciki,
ban taɓa tambayar ƙwarya ba.

Da safe na sauka Oshodi sayen zif.
Ga bishiyoyin roba an lafta musu auduga,
wai ƙanƙara, a garin da kwalta ke narkewa.
Ga wani bawan Allah cikin jar riga mai kauri,
gumi ya jiƙa gemun aro,
yana kaɗa ƙararrawa a ƙofar kantin waya.
Na tuna Tabita da ta ci bashin leshi
don kada a gan ta da zanen bara.
Na tuna bakina da ya ce wa mutum tara "gobe",
alhali na san goben ba tawa ba ce.

Ni tela ne, abin da ido na ya kama ke nan:
duk labarin haihuwar nan, tufa ɗaya aka ambata,
'yan ƙyallayen da uwa ta naɗe ɗanta da su,
irin waɗanda nake sharewa a ƙarƙashin keke.
Da suka kai shi Haikali kuwa
tsuntsu biyu suka iya, hadayar marasa hali.

Ba na faɗa da shinkafa.
Ranar za mu yanka kaza, in Allah ya yarda,
za mu kai wa Iya Bisola kwano, ta mayar da shi cike.
Amma in al'ada ta ce kaza, zan tambaye ta shafi.
Abin da ke rubuce in tsaya a kai da ƙafa biyu,
sauran in sa shi kamar hula,
in cire in zafi ya yi.

Ran Asabar Rahila ta tafi gwaji
da Littafin kakarta cikin leda, saboda yayyafi.
Ta ce Malama ta yi shiru,
ta jawo nata, ta daɗe tana dubawa.

Da yamma ina kan wuyan rigar Tabita
sai na ji ƙarar almakashi a bayana.
Wani kwalin ta samo.
"Na Nehemiya ne," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.
"Kambin dai na wasa ne, mun sani.
Amma tunda ba a ƙirga su ba,
wa ya ce ba su kai huɗu ba?"